Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Malamanmu Masu Wa'azi Kan Yaran Da Ke Zagi Da Sunanku A Waya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah gafarta malamai, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da almajiranku, ina neman izini in shigo da wata magana. Wasiƙar ta kowa ce a cikinku: na Izala, ɓangaren Jos da na Kaduna, da na Tijjaniyya da Ƙadiriyya, da 'yan Salafiyya, da limaman Juma'a waɗanda ba su jingina da kowace ƙungiya ba, daga Sakkwato har Yola, daga Maraɗi har Damagaram. Ban zo da fatawa ba, kuma ba ni zan raba muku gardama kan mauludi ko ganin wata ba. Maganata a kan yaranku ce, masu riƙe muku waya, masu yanka karatunku suna ɗorawa a Facebook da TikTok da YouTube, da dubban da ke bin bayansu suna zage-zage da sunan kare mutuncinku. Gyara kayanka dai bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Ku lura da abin da ke faruwa a ɗaurin aure ko jana'izar wani babba. Malamai biyu da kowa ya san ba sa ga maciji a kan mumbari sukan haɗu a sahu ɗaya. Su yi musafaha, wannan ya riƙe hannun wancan ya ƙi saki, a tambayi iyali, a tambayi jiki, har a taɓa raha. Yaron da ke riƙe da jakar wannan malami yakan tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa gaban wancan, ya ce "Allah ya ƙara wa Malam lafiya." In an miƙa masa hannu ma sai ya ɗan noƙe, sannan ya kama da hannu biyu kansa a ƙasa. Wannan yaron, da waɗannan hannayen, bayan sallar isha'i zai rubuta cewa tsohon nan jahili ne, ɗan bidi'a ne ko Bawahabiye, maƙaryaci, ɗan kwangilar Yahudu. Ba kuma a ɓoye zai yi ba. Ga sunansa da na mahaifinsa, ga hotonsa da hula an kafa, ga sunan Islamiyyar da yake koyarwa.

Da yawa za su ce munafunci ne kawai. Ni ban ɗauka haka ba. Ladabin da ya yi da rana na gaske ne, zagin da ya yi da dare ma daga zuciyarsa ya fito. Abin da ya sauya shi ne wurin da yake tsaye. A ƙofar gidan ɗaurin aure akwai abubuwa da yawa da ke riƙe harshensa ba tare da ya sani ba, waya kuwa ta cire su duka, ta kuma ƙara wasu masu ingiza shi.

Babba a cikin abin da ta cire shi ne ido. Bahaushe ya ɗora rabin tarbiyyarsa a kan kunyar ido. In ka fara gaya wa mutum baƙar magana, fuskarsa ce ke ba ka amsa kafin bakinsa. Ka ga ta sauya, ka ga idonsa ya kaɗa, ka ga ya sunkuyar da kai, ko ka hango furfurar gemunsa ka tuna da ta mahaifinka. Sai ka ji sauran maganar ta maƙale a wuya, ka sassauta, ka ce "ai ba haka nake nufi ba." Mai rubutu a waya gilashi yake kallo. Bai ga lokacin da maganarsa ta sauka ba, bai san ko mutumin yana gadon asibiti ba, bai san ko 'yarsa ce ta fara karantawa ta kai masa ba. A 2012 an wallafa wani gwaji da aka yi a Isra'ila, inda aka haɗa ɗalibai bibbiyu suna gardama ta kwamfuta. Wasu an ɓoye ko su wane ne, wasu an bayyana. Wasu ana ganin jikinsu ta kyamara, wasu kuma an saita kyamarar yadda za su riƙa kallon idon juna. Abin da ya fi kashe zafin baki a cikinsu shi ne haɗa ido, fiye da bayyana suna.

Wannan ya kamata ya sa mu daina maimaita cewa masu zagi masu ɓoye suna ne, wai da za a tilasta kowa ya yi rajista da katin ɗan ƙasa da an huta. Koriya ta Kudu ta gwada. A 2007 ta kafa dokar da ta wajabta wa masu rubutu a manyan shafuka su tabbatar da ainihin sunansu, a 2012 kotun tsarin mulkin ƙasar ta soke ta, ta ce ta tauye 'yancin magana alhali ba a ga wani amfanin a zo a gani da ta yi ba. Masu bincike a Jami'ar Zurik sun duba rubuce-rubuce sama da dubu 500 a wani shafin koke-koke na Jamus, suka bayyana a 2016 cewa masu sa sunansu na gaskiya sun fi masu ɓoyewa zafin harshe. Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Wanda ya sakankance cewa gaskiya yake karewa ba ya jin kunyar zaginsa, so yake ma a san shi ne. To nan gizo ke saƙar a wurinmu. Yaronku bai ɗauki abin da yake yi zagi ba. Kare Sunna ya ɗauke shi, ko kare waliyyai, ko kare Annabi sallallahu alaihi wa sallama, kuma lada yake jira a kai. Mai zagi don ƙwallo yakan gaji ya kwanta, mai zagi don lada ba ranar da zai gaji.

Sai gaisuwa. Ko bashi ka je karɓa gidan mutum, ba ka faɗa masa da maganar kuɗi daga sallama. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya mai jiki, ya muka ji da zafin nan. Kafin a kai ga abin da ya kawo ka, ka riga ka amsa masa cewa shi mutum ne mai gida da dangi, shi ma ya amsa maka, an kuma kawo ruwa ka sha. Da wuya ka sha ruwan mutum ka kira shi kafiri a zaune a tabarmarsa. A waya kuwa daga tsakiyar magana ake shiga. Ba sallama, ba sanin da wa kake yi. Yaro ɗan sakandare da dattijon da ya yi shekara arba'in yana karantar da Risala duk girman rubutunsu ɗaya ne a allon, duk "kai" ake ce musu.

Akwai kuma murya, wadda rubutu ba ya ɗauke da ita. Mu da muke da wasan barkwanci ya kamata mu fi kowa fahimtar wannan. Bakano ya gamu da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, a faɗa wa juna maganar da in baƙo ya ji zai zaci yanzu za a dambace, amma kowa dariya yake yi, don muryar da fuskar sun riga sun ce wasa ne. A Nijar al'adar ta kai har hukumar UNESCO ta sa ta cikin gadon al'adun duniya a 2014. Ɗauki wannan maganar ka rubuta ta tsurarta, ba murya ba murmushi, ka ajiye gaban mutum dubu da ba su san tsakaninku ba. Kafin la'asar ta zama cin zarafin ƙabila. A 2005 masana halayyar ɗan Adam a Amurka sun gwada mutane da saƙonnin imel, wasu na gatse wasu na gaske. Masu aikawa sun tabbata za a gane nufinsu, amma masu karantawa da kaɗan suka wuce rabi wajen cankar wanne ne wanne, alhali da aka faɗi maganganun da murya an fi ganewa nesa ba kusa ba. Wani gwajin na 2017 ya nuna cewa in mutum ya ji hujjar abokin saɓaninsa da muryarsa, yakan ɗauke shi mai hankali da tunani fiye da in ya karanta kalmomin nan dai a rubuce. Ga shi kuma mai karatu da muryar da ke cikin kansa yake karantawa. In ya riga ya tsani ƙungiyarku, ko "Allah ya shirye mu" kuka rubuta, habaici zai ji.

Abin da ya fi damuna shi ne rashin mai raba faɗa. A majalisar ƙofar gida ko teburin mai shayi, da murya ta fara tashi za a sami mai cewa "kai, ku bari mana." Wani dattijo ya ja hannun ɗaya ya yi gefe da shi. Wani ya raɗa masa "ɗan gidan wane ne fa, surukin yayanka." In duk wannan bai yi ba, ladan zai kira salla, a tashi a yi alwala da buta ɗaya, a tsaya kafaɗa da kafaɗa, kafin a sallame rabin fushin ya tafi. Gobe a gaisa kamar ba a yi ba, tun da harshe da haƙori ma sukan saɓa. Taron da ke kewaye faɗan waya 'yan zuga ne. "Ƙara masa." "Wallahi ka gama da shi." "Saura wane." Wanda ya ce a yi haƙuri shi ake juyowa kansa, a ce mai raba ƙafa ne, ko ya karɓi na goro. Kuma janye magana gaban mutum biyar abu ne mai sauƙi, amma gaban dubu goma waɗanda suka ɗauki hoton abin da ka rubuta suka ajiye, sai namijin gaske. Saboda haka kowa sai ya kafe. Ba kiran sallar da ke tashin wannan majalisa. Ƙarfe biyun dare tana ci, lokacin da mutum ya gaji, ga zafi, ga ba wuta, ga tunanin abin da za a ci gobe. Binciken jami'o'in Stanford da Cornell na 2017 ya gano cewa ɓacin rai da kuma tarar da wasu sun riga sun fara zagi sukan sa mutumin da ba halinsa ba ne ya shiga, kuma abin ya fi yawa da tsakar dare. Shari'a ta ce mai fushi in yana tsaye ya zauna, in yana zaune ya kishingiɗa. Namu a kishingiɗen yake zagin.

Duk waɗannan abin da waya ta cire ne. Ga abin da ta ƙara, kuma ina roƙon ku saurara da kyau, don a nan ne ake cin kasuwa da sunanku.

Kamfanonin nan talla suke sayarwa, kuma yawan zaman mutum yana kallo shi ne yawan kuɗinsu. Na'urar da ke zaɓar abin da za a nuna wa kowa ba ta san hadisi ingantacce daga mai rauni ba, abin da ta sani shi ne wane rubutu ne ya tsayar da mutane suka yi ta mayar da martani. Takardun cikin gida da tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar a 2021 sun nuna cewa daga 2017 kamfanin ya riƙa ba alamomin motsin rai, har da 'yar fuskar nan ta fushi, nauyin da ya ninka na alamar "so" sau biyar wajen yaɗa rubutu. Ma'aikatansu da kansu suka gano cewa abubuwan da ke tara alamar fushi sun fi ƙunsar ƙarya da cin mutunci, amma sai a 2020 aka mayar da nauyinta sifili. A 2021 masana daga Kambirij da New York sun duba rubutu miliyan 2.7 na 'yan siyasa da kafofin labarai a Facebook da Twitter, suka tarar kowace kalma da ke nuni ga ɓangaren hamayya tana ƙara yiwuwar a yaɗa rubutun da kashi 67 cikin 100. A shekarar dai, masu bincike a Jami'ar Yale suka bi saƙonni miliyan 12.7 na Twitter, suka ga cewa wanda ya nuna fushi aka yaba masa, gobe sai ya ƙara. Wato horar da shi ake yi, shi bai sani ba. Na'urar nan makaɗin dambe ce. Ba ruwanta da wanda aka kayar, ita dai a cika fili a yi liƙi.

Yanzu kuma liƙin har aljihun yaranku yake shiga. YouTube ya daɗe yana biya, X, wato tsohon Twitter, ya fara raba kuɗin talla da masu rubutu a 2023, Facebook ya buɗe wa 'yan Najeriya ƙofar samun kuɗi da bidiyo a 2024. Ku sa wani amintacce ya buɗe muku shafin da ke ɗauke da sunanku ku gani da idonku. Karatun Ahalari ko Arba'una na awa biyu, wanda kuka yi wa muraja'a kuka zauna kuka warware mas'ala dalla-dalla, yana can ƙasa ba mai leƙawa sai ɗalibai na haƙiƙa. Daƙiƙa arba'in da kuka ɗaga murya kuka ce "wani jahili yana can yana cewa," ita aka yanko. An ɗora hotonku kuna nuni da yatsa, an manna na wancan malamin a gefe an zaɓi inda bakinsa yake buɗe, an rubuta da jan baƙi: "Raddi mai zafi," "Malam ya yi kaca-kaca da wane," "Yau asiri ya tonu." An cire inda kuka ce "Allah ya gafarta mana da shi." An cire inda kuka ce mas'alar akwai saɓani. Yaron can ɓangaren ya ɗauka ya kai wa nasa malamin, ya durƙusa ya ce "Malam, ka ji abin da wane ya faɗa a kanka?" Shi kuma bai nemi cikakken karatun ba, ya hau kujera da daddare ya rama. Yara biyu sun sami abin ɗorawa na mako guda, wataƙila ma abokan juna ne.

Kada dai in ɗora wa waya laifin da ba nata ba. Wasu masana siyasa biyu na Jami'ar Aarhus, Bor da Petersen, sun yi bincike a Amurka da Denmak, suka ce mafi yawan masu rashin mutunci a intanet ko a fili ma haka suke, masu neman suna ne da son a ji tsoronsu. Bambancin shi ne a unguwa an san su, an san yadda ake kauce musu, rashin kunyarsu ba ta wuce layinsu. Intanet ta ba su lasifika, ta kai su ɗakin kowa. Cibiyar Pew ta ƙiyasta a 2019 cewa kashi 10 cikin 100 na manya masu amfani da Twitter a Amurka su ke rubuta kashi 80 na saƙonnin. Ina ganin haka abin yake a nan. 'Yan kaɗan ne ke kunna wutar, matsakaita su biyo baya in ransu ya ɓaci, masu hankali kuma su ja bakinsu don gudun a zagi iyayensu. Sai mai kallo daga nesa ya zaci duk almajiran wane haka suke, ya tsani ƙungiya guda saboda mutum ashirin.

Saɓani ba baƙonmu ba ne. An yi rigimar ƙabalu da sadalu tun kafin a haifi yawancin masu zagin yau. Bayan kafa Izala a Jos a 1978 an yi zamanin kaset, raddi ya bi tasha-tasha da kasuwa-kasuwa, har masallatai suka rabu. Siyasa ma tana da sojojin bakanta a gidajen rediyon Kano tun kafin Facebook ya iso. Amma kaset sai an naɗa, an kai wa mai gurzawa, an saya, an saurara daga farko har ƙarshe. Kafin amsa ta dawo an yi makonni, zuciya ta huce, an sami masu shiga tsakani. Ku tuna ma wasiƙun da suka gudana tsakanin Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Borno da shugabannin jihadi na Sakkwato. Wannan ba saɓanin baki kaɗai ba ne, yaƙi ake yi, ana zubar da jini, kuma tuhumar da ke ciki mai nauyi ce. Duk da haka al-Kanemi ya buɗe da sallama, ya ambaci cewa ya ga littattafan Shehu Usmanu, ya nuna yana ƙaunar Shehun matuƙar ya dace da gaskiya. Muhammadu Bello kuma, da ya zo rubuta Infaƙul Maisuri, sai ya kawo wasiƙun abokin hamayyarsa a ciki kafin ya ba da amsa, shi ya sa har yau muke iya karanta hujjar Borno daga littafin Sakkwato. Yau wane shafi ne cikin masu ɗauke da sunanku zai ɗora cikakkiyar maganar wancan ɓangaren kafin ya yi mata raddi?

Ba kuma a waya abin yake tsayawa ba. A watan Yunin 2018, lokacin kashe-kashen ƙaramar hukumar Barikin Ladi a Filato, an yaɗa hotunan gawarwaki a Facebook ana cewa na rikicin ne, alhali wasunsu ba ma a Najeriya aka ɗauke su ba. 'Yan sandan jihar sun shaida wa BBC cewa hotunan sun taimaka wajen hura wutar ramuwa, aka tare hanya aka kashe matafiyan da ba su ji ba ba su gani ba. Wannan tsakanin addinai biyu ne. Na cikin gida bai kai haka yawan jini ba, amma ku tambayi masu unguwanni auren nawa aka fasa, 'yan uwa nawa suka daina gaisawa, zauren WhatsApp na dangi nawa ya watse a watan Rabi'ul Awwal. Ku kuma tambayi kanku me yaro ɗan shekara goma sha biyar yake koya game da malanta, in abin da ya fi gani shi ne masu rawani ana kiransu da sunayen da ko a tasha ba a faɗa.

Wasu a cikinku suna kira ga hukuma ta sa doka. Dokar tana nan: sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024. An rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. A Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu 'yan TikTok biyu bulala ashirin-ashirin da shara a harabar kotu saboda sun taɓa gwamnan lokacin. A cikin Nuwamban dai aka kama wani ɗalibin jami'ar Dutse kan abin da ya rubuta game da matar shugaban ƙasa na lokacin. Ku duba waɗanda doka ta tashi tsaye dominsu, za ku ga masu mulki ne. Talakan da aka zagi uwarsa ba shi da ɗan sandan da zai tura. Kuma yaron da aka ɗaure don ya zagi malamin wata ƙungiya gwarzo yake fitowa, a tarbe shi da kabbara.

Abin da ya sa na nufo ku ban nufi hukuma ba shi ne wannan. A 2020 wasu masu bincike biyu, Alexandra Siegel da Vivienne Badaan, sun wallafa gwajin da suka yi kan masu zagin ɗariƙanci tsakanin Sunna da Shi'a a Twitter ta Larabci, tare da wani gwajin a ƙasar Labanan. Sun aika wa masu zagin saƙonni iri-iri, wasu na tuna musu ƙasa ɗaya, wasu na tuna musu addini ɗaya. Wanda ya fi tasiri wajen rage zagin shi ne mai tuna musu cewa addininsu ɗaya, musamman in an jingina shi ga manyan malamai. Wato yaron da ba ya jin maganar gwamnati, ba ya jin ta kamfani, ba ya ma jin ta mahaifinsa a wannan fage, yana jin taku. Idon da waya ta ɗauke masa, naku ne kaɗai ya rage yana jin kunya.

An ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Allah gafarta malamai, ban yarda da wannan karin maganar ɗari bisa ɗari ba. In bafade ya daki mutum a ƙofar fada, sarki ya gani ya yi murmushi, gobe biyu zai daka. Yaranku suna karanta fuskarku. In aka kawo muku labarin yadda aka yi wa wane wankin babban bargo a Facebook kuka yi dariya kuka ce "yaran nan ba su da dama," sun ji izini. Ba ni zan karanta muku ayoyin Suratul Hujurati ba, ku kuka koya mana su: hana izgili, hana jifa da munanan laƙabi, umarnin a bincika in fasiƙi ya zo da labari. Ku kuka koya mana cewa Annabi Musa da Haruna an umarce su da tausasa magana ga Fir'auna. Abin da nake roƙo shi ne a sauko da waɗannan daga kan mumbari zuwa hannun mai riƙe da wayar.

Kowane malami ya san su wa ke tafiyar da shafukan da ke ɗauke da sunansa da hotonsa, ya tara su ya gan su ido da ido. Ya tambaye su nawa shafin ke kawowa a wata, kuma wa ke ci, don wannan tambayar kaɗai za ta warware abubuwa da yawa. Ya hana a yanka karatunsa a sa masa taken da bai faɗa ba, shafin da ya ƙi ji kuma ya barranta da shi a bainar jama'a, da sunan shafin. In an kawo muku guntun bidiyon wani malami, kada ku amsa sai kun ji karatun gaba ɗaya, sannan ku kira shi. Lambobin junanku suna wayoyinku, kun haɗu a Saudiyya, kun haɗu a gidan gwamnati, kun haɗu a taron Jama'atu Nasril Islam. Minti biyar na "Malam, haka ka faɗa kuwa?" da murya zai kashe raddin wata guda. In kuma mas'alar ta cancanci raddi na ilimi, a yi shi, ba wanda ya ce a bar bayyana gaskiya, amma a kawo maganar mutum yadda ya faɗe ta, a ambace shi da sunan da uwarsa za ta iya ji.

Mafi wuya a cikin roƙona shi ne ku tsawata wa naku. Kowa ya iya yin Allah wadai da rashin tarbiyyar yaran wancan ɓangaren, kuma ba ya gyara komai, don ba sa jin kunyarku. Ranar da malamin Izala zai ce a gaban almajiransa "wanda ya zagi Shehu wane jiya da sunana ya cuce ni, ya je ya goge ya ba da haƙuri," ranar da shehin ɗariƙa zai faɗi irin haka ga muridansa, ranar za a ga canji. Musafahar nan da kuke yi a jana'iza ma, ku bar yaran su ɗauka su ɗora, ku ce ku kuka sa.

Watan azumi da na mauludi su ne lokacin da wutar ta fi ci, don a nan karatu ya fi yawa, masu yanka kuma sun fi samun nama. Ina roƙon kowannenku, a daren farko na tafsirin bana, kafin alaramma ya ja baƙi, ya juya ga yaran da suka kafa wayoyi a gabansa, ya kira su da sunayensu, ya gaya musu abin da ya yarda a ɗora da abin da bai yafe ba.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya yafe mini in na wuce gona da iri.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani ɗalibinku daga Zariya